Kazar Darakta

Wata takwas ta yi a kan aikin nan kafin a ce ta zo ta yi bayaninsa da bakinta. Aikin ruwan famfo ne na wata unguwa da ke kan tudu, gida dubu huɗu da 'yan kai, inda ruwa ba ya hawa sai ya ga dama. Ita ta bi unguwar layi-layi da takalmin roba, ita ta auna, ita ta zana, ta kuma sake zanawa har sau uku da aka ce aikin ya yi nauyi. A ofis Injiniya ake ce mata, wasu da gaske, wasu da ɗan murmushin da ta san fassararsa, domin ita kaɗai ce mace a ɗakin zane, ita ce kuma ƙarama. Ranar Talata Darakta ya leƙo ya ce gobe za su tashi tare a jirgin sama zuwa babban birni, jibi za a zauna da kwamitin da zai amince da aikin ko ya yi watsi da shi, kuma ita za ta tsaya a gabansu.

Sakatariya ce ta miƙo mata tikiti, ta dube ta ta saman tabarau.

"Kujerar manya ce, can gaban jirgi, kusa da ta Yallaɓai," in ji ta. "'Yar nan, kar ki sa fararen kaya."

"Saboda me, Anti?"

"Ni dai na gaya miki."

A ɗakin zane kuwa Dogo, wanda teburinsa ke fuskantar nata, ya kalli tikitin ya kalli sauran maza, suka kwashe da dariya. "An shiga sahu," ya ce. "Allah ya ba da haƙuri." Ta ɗauka hassada ce, ta ninke tikitinta ta sa a jaka.

A gida Yaya ta hana ta sakat. A ɗauko musu hoton kujerar, in an ba da ɗan tawul mai zafi kuma kar ta goge takalmi da shi ta ja musu abin faɗa. Umma ta goge mata farar kwat ɗinta har sau biyu. Baba, wanda ya yi shekara talatin yana gyaran famfo kafin gwiwa ta zaunar da shi, bai ce komai a kan jirgi ba. Takardun ya sa ta shimfiɗa masa, ya bi layin bututun da ɗan yatsa har ya kai inda ta sa injin turo ruwa na biyu, a tsakiyar hawan tudun.

"Wannan za su ce ki cire," ya ce.

"Na sani, Baba."

"In kika cire, na sama sun sha ƙura."

"Layi shida. Shi ya sa nake so ni in yi bayanin. Darakta ko shafin bai buɗe ba."

Washegari da hantsi ta same shi a ɗakin jiran manya na filin jirgi. Ƙaton mutum ne da ya fara zubewa, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Kowa a ofis ya san likita ya sa masa doka, matarsa kuma ta tsaya a kan dokar tsayin daka: dafaffen ganye ake aiko masa da rana, direbansa ma ɗan rahoto ne. Wata tuffa ce a gabansa, yana juya ta a kan tebur kamar mai neman inda laifinta yake.

"Injiniya, kin ga shagon can mai jan allo?" Bai nuna da hannu ba, da haɓa ya nuna. "Babban kwali, cinya da fiffike, mai yaji. Soyayyen dankali biyu. Ki riƙe a hannunki, kar ki zo nan da shi. Mu haɗu a jirgi."

Nan take dariyar Dogo ta dawo mata, da maganar fararen kaya. Ashe kujerar ba ta aikinta ba ce. Duk wanda zai raka Darakta nan ake zaunar da shi, don a sararin sama ne kaɗai idon matarsa ba ya kaiwa, shi kuma ba zai yarda a gan shi da jakar kaza a hannu ba. Duk mazan ɗakin zane sun yi wannan dakon, babu wanda ya taɓa faɗa.

Ta tsaya kamar za ta yi magana. Sai ta ce wa ranta aike ne kawai, babba ya aiki ƙarami, ba yau ta fara ba. Gobe dai ita ce a gaban kwamiti. Ta juya ta bi layi.

Jakar takarda ce aka ba ta, mai ya riga ya fara huda gindinta. Tun daga ƙofar jirgi ƙamshin ya riga ta shiga. Ma'aikaciyar da ke tarbar fasinja ta kalli jakar, ta hango Darakta a zaune, ta sake kallon ta da irin idon da ake yi wa sabon shiga.

"Ki ajiye a ƙasa sai mun tashi," ta ce a hankali.

Kujeru takwas ne kacal a sashen, faffaɗa, masu laushin da mutum ke nutsewa. Wuri ne da ko cokali ba ya ƙara. Ta zauna ta gefen taga, ta tura jakar ƙarƙashin ƙafarta. Da aka zo tambayar abin da za su ci, Darakta ya ɗaga hannu. "Ni kamar kullum, ruwa kawai." Ita kuwa ta ce ta ƙoshi, ba don ta ƙoshi ba.

Ana dab da rufe ƙofa wata dattijuwa ta shigo, siririya, tabarau na rataye a wuyanta da sarƙa. Ta zauna a kujerar da ke tsallaken hanya, daidai da Darakta. Ya miƙe har kansa ya kusa bugun ma'ajiyar kaya.

"Ranki ya daɗe! Ashe jirgi ɗaya za mu hau."

Shugabar kwamitin ce. Injiniya ta gane ta, ta sha ganin hotonta a kan takardun hukumar ruwa. Ta gyara zama tana jiran a gabatar da ita a ce ga wadda ta zana aikin. Darakta ya ce, "Wannan ma'aikaciyarmu ce," ya zauna, ya sa ƙafa ya ƙara tura jakar can ɓangarenta.

Jirgi ya ɗaga, aka shimfiɗa fararen ƙyallaye a kan tebura, aka kawo abinci a faranti. Shugabar ta ga gaban Darakta wayam.

"Kai ba za ka ci ba?"

"Likita ya hana, ranki ya daɗe. Ruwa da tuffa, shi ke nan rayuwar yanzu."

"Ka kyauta wa kanka. Ni ma maiƙo ko warinsa ba na iya shaƙa."

Ta ɗan taɓa abincinta, ta sa aka kwashe, ta kwantar da kujera ta ja bargo ta lumshe ido. Injiniya ta saki ajiyar zuciya. Ta ɗauka magana ta mutu, jakar za ta sauka yadda ta hau. Ta ciro takardunta tana bitar shafin injin na biyu.

Ba a yi minti ashirin ba ta ji an buɗe jarida a gefenta, an baza ta kamar labule.

"Buɗe," in ji Darakta, ba tare da ya kalle ta ba.

"Yallaɓai, ta ce ba ta..."

"Ta yi barci. Buɗe."

Ta ɗauko jakar ta ɗora a kan teburinta, a kan farin ƙyallen, ta ɗaga murfin kwalin. Abin da ya sha awa guda a rufe ya fito gaba ɗaya, mai da yaji da tafarnuwa, ya cika ɗan wurin nan da babu tagar da za a buɗe. Wani mutum a kujerar gaba ya waiwayo. Hannun Darakta ya zuro ta ƙarƙashin jarida, ya ɗauki fiffike, ya koma. Ta ji ƙarar ɓawon a haƙoransa.

Sai ƙararrawar kiran ma'aikata ta yi ƙara.

Shugabar ta tashi zaune, gefen bargo a hancinta. "Wane ne ya shigo mana da kasuwa cikin jirgi? Zuciyata tashi take yi."

Fiffiken ya faɗo cikin kwalin da ke gaban Injiniya. Jarida ta ninke. Kafin ma'aikaciyar ta iso, Darakta ya riga ya juyo, fuskarsa cike da mamaki.

"Haba, Injiniya! Tun a ƙasa na so in yi miki magana, na ce bari dai kar in kunyata ki. Nan tasha ce? Ba ki ga mutane ba?" Ya juya wajen dattijuwar, ya sassauta murya. "A yi haƙuri, ranki ya daɗe. Yaran yanzu ke nan, takarda ce kawai a kai. Ba a koya musu zama cikin mutane daga gida ba."

Daga gida. Ta ga Umma tsaye a kan kwat ɗin nan da dutsen guga, ta ga yatsan Baba a kan layin bututu. Kunnuwanta suka ɗau zafi. Duk idanun sashen suna kanta, har mutumin gaba ya cire abin sauraren da ke kunnensa don kar a ba shi labari.

A gefen leɓen Darakta akwai ɗan ɓawon kaza, ja, ya manne. Kalma huɗu ta ishe ta: Yallaɓai, goge bakinka tukuna. Ta ji su sun hau harshenta sun jeru. Ta kuma san in suka fita, gobe babu ita, wataƙila ma babu aikin gaba ɗaya, don kwamiti ba zai ba da ruwan gida dubu huɗu ga kamfanin da shugabansa da injiniyarsa suka yi tsiya a jirgi ba. Ta haɗiye su ɗaya bayan ɗaya.

Ta rufe kwalin, ta miƙe, ta ɗan rusuna wa dattijuwar.

"Ki gafarce ni, Mama. Bai kamata a buɗe abu mai wari a wuri irin wannan ba a tambayi na kusa ba."

Dattijuwar ta kaɗa hannu kawai, ta kawar da kai.

"Kawo in zubar," in ji ma'aikaciyar.

"A'a, a'a," Darakta ya yi caraf. "Kar a yi ɓarna. A ajiye mata a baya, ta karɓa in mun sauka."

Injiniya ta dube shi. Ya zage ta, ya zagi gidansu, kuma har yanzu yana lissafin cinyarsa.

"Ba sai an ajiye ba, Yallaɓai," ta ce. "Tunda nawa ne, kuma ban karya ba, bari in je inda ba zan dami kowa ba in ci abina." Ta juya ga ma'aikaciyar. "'Yar'uwa, akwai wuri?"

Bayan labule akwai ɗan kicin ɗin jirgi, duk ƙarfe, da ƙyar yake ɗaukar mutum biyu. Ma'aikaciyar ta ja labulen, amma bai rufe ruf ba, kuma ta tsagar Injiniya na hango rabin fuskar Darakta. Ta ɗora kwalin a kan teburin kicin ɗin, ta naɗe hannun riga, ta ɗauki cinya.

"Ke ce ta biyar da na gani," in ji ma'aikaciyar, tana jera kofuna. "Amma ke ce mace ta farko. Akwai wani dogo, shi har miyar tumatir yake matse masa."

"Na san shi."

"Ba dole ki ci ba fa. Ga kwandon shara nan, wa zai sani?"

"Shi zai sani. Yana kallo."

Ma'aikaciyar ta leƙa, ta toshe baki. "Wallahi kamar an ƙwace wa yaro alewa. Ci, 'yar'uwa. Ga ruwa."

Kazar ta huce, man ya fara daskarewa, yajin kuwa kamar da gayya aka zuba. Ta ci cinya ta farko da fushi, ta biyu da taurin kai. A ta uku idanunta suka kawo ruwa, ta bar shi a kan yaji ne. Jirgi ya ɗan girgiza, wani ɗigon mai ya sauka a gaban farar kwat ɗin, ya bazu. Ta kalle shi ta ci gaba. Sai da ta ji in ta ƙara loma ɗaya komai zai dawo, sannan ta tura ragowar cikin shara da hannunta, dankali da duka. Abu ɗaya ta ware: fiffiken nan mai shaidar haƙori. Ta naɗe shi a takardar goge hannu, ta wanke hannu, ta koma.

Ta ajiye ɗan ƙunshin a kan madogarar hannun da ke tsakaninsu.

"Wannan ba nawa ba ne," ta ce, yadda shi kaɗai zai ji.

Idon dattijuwar a rufe yake. Ko barci take, ko ba barci take ba, Injiniya ba ta sani ba. Darakta ya ɗauki ƙunshin ya cusa a aljihun kujera. Sai da aka ce a ɗaura bel za a sauka ya yi magana, idonsa a gaba.

"Gobe ni zan yi bayani. Ke ki zauna wajen kwamfuta ki riƙa canza hotuna."

Ta tattara takardunta. "To, Yallaɓai."

Wajen fita dattijuwar ta yi wa Darakta sai gobe, sannan ta tsaya a kan Injiniya, ta dubi tabon man.

"'Yata, ki riƙa ci kafin ki hau."

"To, Mama. Na gode."

Motar otal ce ta zo ɗaukarsu. Rana ta take, titi ya cushe, direban ya kunna sanyi har ƙarshe. Darakta na gefenta a baya, ya karɓi takardun yana buɗawa da sauri-sauri kamar ɗalibin da jarrabawa ta riske shi. Ya tsaya a wani shafi.

"Wannan injin na biyu. In suka matsa a cire, ai ana iya cirewa?"

"In aka cire, layi shida na saman tudu ba za su ga ruwa ba."

"Sai a yi musu daga baya."

"Ba a yin daga baya, Yallaɓai. In aka binne bututu an binne."

"To me zan ce musu in sun tambaya?"

"Yana shafi na goma sha huɗu zuwa ashirin."

Ya buɗe shafi na goma sha huɗu, ya kalli lissafin da ya cika shi, ya rufe. Cikinsa ya yi wata ƙara da har direba ya ɗaga ido ya kalli madubi. Tun safe tuffa ɗaya ce da loma ɗaya. Can gaba, bayan wani gidan mai, sai ga jan allon nan, irin na filin jirgi sak.

"Direba, tsaya a nan."

Motar ta gangara gefe. Direban ya kai hannu zai buɗe ƙofa. "Me za a karɓo, ranka ya daɗe?"

"Kai zauna." Darakta ya juyo gare ta, muryarsa ta koma ta uba mai lallashi. "Injiniya, kin ga, komai gyaruwa yake yi. Ke yarinya ce mai ƙoƙari, zuciya ce ta yi miki yawa. Shiga ki karɓo mana, mu bar zancen jirgi a jirgi. Gobe ki tashi ki yi bayaninki."

Ta kalli shagon ta gilashi. Layi har bakin ƙofa. Ta san abin da Yaya za ta ce in ta ji: ki fita ki bar masa motarsa, aiki ai ba a kansa aka fara ba. Ita ma abin da jininta ke ce mata ke nan. Amma ta san matan layin sama, ta zauna a ƙofar gidajensu ta sha ruwan da suka hau tudu da shi a ka. Gobe wani a kwamiti zai ce a cire injin, Darakta kuma zai yi murmushi ya ce ba matsala.

"Ka rubuta tukuna," ta ce.

"Me?"

"Ka tura wa Sakatariya saƙo yanzu, ta aika wa kwamiti sunan wanda zai yi bayani gobe. Sunana, da cewa ni na zana. In ga ya tafi."

"Ni kike ba wa sharaɗi?"

"Roƙo nake, Yallaɓai."

Ba ta sunkuyar da kai ba. Direban ya ƙura wa sitiyari ido kamar yau ya fara ganinsa. Wata mota ta yi musu ham daga baya. Darakta ya ja tsaki, ya ciro waya, ya daddanna da babban yatsa, ya juyo mata da fuskar wayar. Ta karanta har ƙarshe, ta nuna masa inda ya bar "mataimakiya", ya goge ya sa "injiniya". Ta jira sai da alamar tafiya ta fito, sannan ta buɗe ƙofa.

Zafin waje ya mare ta. Tana tura ƙofar shagon warin mai ya tare ta, ta shiga layi. Mutum tara ne a gabanta. Wata mata ta kalli tabon da ke kwat ɗinta ta kawar da kai. Ba ta rufe shi da jaka ba. Ta tsaya ƙyam, tana maimaita lissafin shafi na goma sha huɗu a ranta, layi na matsawa taku ɗaya-ɗaya, har ta iso gaban mai sayarwa.

"Babban kwali, cinya da fiffike, mai yaji. Dankali biyu."

Mai sayarwar ta danna na'ura ba ta ɗago ba. "A nan za ki ci, ko tafiya za ki yi da shi?"

"Ba ni zan ci ba," in ji Injiniya, da muryar da har na ƙarshen layi ya ji. Ta nuna baƙar motar da ke bakin titi, da hannu. "Na Darakta ne. Ga shi can yana jira."